Haƙƙoƙin Ɗan Ƙwadago Da Ma'aikacin Wucin Gadi A Dokar Ghana



Duk wanda ya saba fita sallar Asuba a Nima, ko Ashaiman, ko Aboabo ta Kumasi, ya san su. Da an yi sallama za ka ga sun rataya 'yar jaka, wani da shebur, wani da cokalin gini, suna sauri kada motar wurin aiki ta tafi ta bar su. Wasu wurin gini za su, wasu sito inda ake sauke kaya, wasu kamfanonin da ke Tema. A cikinsu akwai 'yan unguwa, akwai 'yan cin rani daga arewacin ƙasar nan da Nijar da Burkina Faso, akwai kuma ɗalibai masu neman kuɗin makaranta a lokacin hutu.

Idan aka riƙe wa ɗayansu kuɗin kwana goma, ko aka sallame shi bayan wata takwas ba tare da ko sisi ba, ka ce masa ya nemi haƙƙinsa, amsar da ka fi ji ita ce: "Ai ni ba a ɗauke ni aiki ba, ba ni da takarda." Daga nan sai ya bar wa Allah. Barin abu ga Allah alheri ne, amma wannan magana kuskure ce, kuma tana jawo wa iyalai da yawa asara. Dokar ƙasar nan ta san da ɗan ƙwadago, ta san da ma'aikacin wucin gadi, ta ambace su da suna, ta kuma jera abin da ya wajaba a ba su. Aikin ne na wucin gadi, haƙƙin kuwa tabbatacce ne. Abu biyu ke sa ya salwanta: rashin sanin rukunin da mutum yake ciki, da rashin shaidar kwanakin da ya yi.

Wace doka ake nufi?

Tushen maganar yana cikin Kundin Tsarin Mulkin Ghana na 1992. Sashe na 24 ya ba kowane mutum haƙƙin yin aiki cikin yanayi mai kyau da aminci, da samun lada iri ɗaya a kan aiki iri ɗaya ba tare da bambanci ba, da samun hutu, da shiga ƙungiyar ƙwadago idan ya so. Dokar da ta fayyace wannan dalla-dalla ita ce Dokar Ƙwadago ta 2003, wadda aka fi sani da lambarta, 651. Ta shafi dukkan ma'aikata da masu ɗaukar aiki, ban da sojoji, 'yan sanda, ma'aikatan gidan yari da jami'an tsaro na asiri. Ba ta ware ɗan ƙasa daga baƙo a kan ladan aikin da aka riga aka yi ba. Batun takardun zama da izinin aiki wata doka ce daban, kuma ya kamata baƙo ya kula da ita.

Sashe na 73 zuwa na 78 su ne aka keɓe musamman domin masu aikin da ba na dindindin ba. A kansu mafi yawan wannan bayani zai tsaya.

Fara sanin rukunin da kake ciki

A bakin jama'a duk "lebura" ake cewa, amma doka ta raba su biyu.

Na farko shi ne ɗan ƙwadago na yini. Shi ne wanda aka ɗauka a kan aikin da ke zuwa da lokaci, ko wanda ake yi ana tsayawa, ana lissafa masa lada kullum-kullum, kuma bai wuce wata shida a jere ba. Misalinsa mai kwaɓa siminti da ake kira duk ranar da za a zuba kankare, ko wanda ake ɗauka a sito lokacin da kaya suka yi yawa.

Na biyu shi ne ma'aikacin wucin gadi. Shi ne wanda aka ɗauka ya yi aiki a jere na aƙalla wata ɗaya, bai zama na dindindin ba, kuma aikinsa ba na kaka ko damina ba ne. Misalinsa maigadin da aka ce ya riƙe ƙofa na wata uku, ko yarinyar da aka sa a shago kafin mai wurin ta dawo daga haihuwa, ko malamin da makaranta ta ɗauka na zango ɗaya.

Sanin wannan bambanci yana da amfani domin kowane rukuni da ƙofar da doka ta buɗe masa, kuma jami'in da za ka kai wa kuka tambayar farko da zai yi maka ke nan: yaya ake biyanka, kuma tun yaushe kake zuwa?

Abin da ɗan ƙwadago na yini yake da shi

Sashe na 74 ya fara da maganar da ta rushe uzurin "ba ni da takarda": yarjejeniyar ɗan ƙwadago ba dole ba ne ta zama a rubuce. Idan ɗan kwangila ko shugaban leburori ya ce ka zo, ka zo, ka yi aiki, to yarjejeniya ta ƙullu, kuma doka ta hau kanta. Daga nan sashen ya jera abubuwa huɗu.

Na ɗaya, lada iri ɗaya a kan aiki mai daraja iri ɗaya. Idan kai da ma'aikacin dindindin kuna loda buhu ɗaya a mota ɗaya, ba a rage maka ladan yini don kawai sunanka ba ya cikin babban littafi.

Na biyu, kula da lafiya. Idan wurin yana da ɗakin shan magani ko wani tsari na jinya da aka tanadar wa ma'aikata gaba ɗaya, kai ma kana da damar amfani da shi.

Na uku, kuɗin ƙarin lokaci idan an wuce awoyin aiki.

Na huɗu shi ne wanda mutane suka fi mamaki. Duk ranar da ka halarci wurin aiki, dole a biya ka cikakken mafi ƙarancin ladan wannan rana, ko da ruwan sama ya hana aikin, ko da kuma ba a samo maka wani aikin da za ka yi a madadinsa ba. Wanda ya san damunar Accra a watan Yuni ya san nauyin wannan magana. Mutum ya biya kuɗin mota daga Madina zuwa wani gini a bayan gari, hadari ya taso da ƙarfe tara, a ce kowa ya tafi gida, gobe a dawo. A al'ada hannu wofi yake komawa. A doka kuwa wannan yini an ci shi, domin ya kawo kansa da lokacinsa, kuma ba shi ya saukar da ruwan ba.

Yadda ake lissafin kuɗin

Akwai mafi ƙarancin ladan yini na ƙasa, wanda kwamitin ɓangarori uku, wato gwamnati da masu ɗaukar aiki da ƙungiyoyin ƙwadago, ke zama ya tsayar. A 2024 sidi 18.15 ne, a 2025 ya koma sidi 19.97. Adadin yana canzawa kusan kowace shekara, don haka a riƙa tambayar na shekarar da ake ciki. Wannan shi ne ƙasan ƙasa, wanda doka ta hana a sauka ƙasa da shi. Kowa ya san ba ya riƙe gida a Accra ko Kumasi, kuma mafi yawan leburorin gini suna karɓar fiye da haka. Idan kun yi ciniki a kan abin da ya fi shi, to abin da kuka shirya shi ne bashin da ke kan mai aikin.

Ga wanda ake biya a wata, sashe na 76 ya ba da hanyar lissafi. Mai zuwa a ranakun aiki kawai, ana ninka ladan yini sau 27. Da adadin 2025, wannan ya kama sidi 539.19 a wata. Wanda aikinsa ya sa ake buƙatarsa kowace rana ta mako, ana ninka ladan yini sau 365 a raba gida 12, wato kimanin sidi 607.42. Ranar da mutum bai zo ba, ana cire kason wannan rana kaɗai. Ba a cire kwana uku don fashin kwana ɗaya da sunan horo.

Wannan ya kawo mu ga yanke albashi. Sashe na 69 ya hana mai aiki cin ma'aikaci tarar kuɗi a kan kowane dalili. Ya kuma hana shi ɗora ruwa ko wani ƙari a kan kuɗin da ya ba ma'aikaci kafin ƙarshen wata. Idan ka karɓi sidi 200 a tsakiyar wata domin yaro ba shi da lafiya, sidi 200 za a cire, ba 230 ba. Abin da aka yarda a cire shi ne wanda doka ta ambata, kamar haraji da kuɗin fansho, ko wanda ta halatta da yardar ma'aikacin, kamar kuɗin ƙungiya. Haka nan sashe na 67 ya ce da kuɗin ƙasa ake biyan lada. Abinci ko wurin kwana na iya zama ƙari a kai, ba sa maye gurbinsa.

Awoyin aiki, hutu da ranakun Sallah

Awoyin aiki na yau da kullum takwas ne a yini, ko 40 a mako. Abin da ya wuce haka ƙarin lokaci ne, kuma biyansa ake yi. Doka ba ta yanka farashin ƙarin lokaci da kanta ba, amma ta ce kada a sa ma'aikaci ya yi shi sai wurin yana da tsayayyen farashi a kansa. Don haka tambaya ce da ya kamata a yi tun ranar farko: idan an wuce lokaci, nawa ne awa?

Mai aiki a jere yana da hutun aƙalla minti 30 a tsakiyar aiki, kuma cikin awoyin aikin ake lissafa shi. Da yawa daga cikin 'yan uwa sukan daidaita wannan hutu da sallar Azahar, kuma abu ne da ake samu cikin sauƙi idan an faɗa tun farko. Tsakanin tashi yau da komawa gobe akwai hutun aƙalla awa 12, sannan awa 48 a jere a kowane mako. Sashe na 75 ya tabbatar wa ma'aikacin wucin gadi waɗannan ƙa'idoji na awoyi da hutu, ya haɗa da na aikin dare da hutun rashin lafiya.

Sai ranakun hutu na ƙasa, irin su 6 ga Maris, 1 ga Mayu, Ranar Manoma, Kirsimeti, Ƙaramar Sallah da Babbar Sallah. Sashe na 77 ya ce a biya ma'aikacin wucin gadi da ɗan ƙwadago cikakken ladan wannan rana kamar ya yi aiki. Idan kuwa an sa shi ya zo ya yi cikakken yini a ranar, sai a ƙara masa ladan aikin da ya yi a kan na hutun, wato ninki biyu ke nan. Maigadin da ya kwana a bakin ƙofa ranar Idi, jama'a na can suna cin nama da iyalansu, yana bin wannan ƙari, ko ya sani ko bai sani ba.

Iyakar wata shida

Wannan ita ce magana mafi nauyi a cikin dokar. Sashe na 75 ya ce ma'aikacin wucin gadi da ya yi wata shida ko fiye a jere a hannun mai aiki ɗaya, za a ɗauke shi a matsayin na dindindin. Ba sai an yi biki ko an ba shi sabuwar riga ba. Kwanakin da kansu suke sauya masa matsayi.

Me ya sa wannan ya zama babba? Saboda kariyar da ke hana korar zalunci, wadda ke sashe na 62 zuwa 65, ba ta rufe kowa ba. Sashe na 66 ya fitar da mutum uku daga cikinta: wanda aka ɗauka na ƙayyadadden lokaci ko ƙayyadadden aiki, wanda ke lokacin gwaji, da ɗan ƙwadago na yini. Shi kuwa na dindindin, ba a korarsa sai da dalili karɓaɓɓe da bin hanya. Ba a korarsa don ya shiga ƙungiya, ko don ya kai ƙara, ko don addininsa ko ƙabilarsa, ko don mace ta sami ciki, ko don ya yi jinyar da likita ya tabbatar. Idan aka yi haka, ana iya umartar a mayar da shi ko a biya shi diyya. Idan kamfani ya rufe ko ya rage ma'aikata, akwai kuɗin sallama da ake tattaunawa a kai. Ga kuma hutun shekara na aƙalla kwanakin aiki 15 da cikakken albashi, da hutun haihuwa na aƙalla mako 12.

Game da sanarwa kafin rabuwa, sashe na 17 ya ce wata ɗaya ne ga yarjejeniyar shekara uku ko fiye, mako biyu ga wadda ba ta kai haka ba, kwana bakwai ga ta mako-mako. A biyun farko ana iya biyan kuɗin wannan lokaci a madadin sanarwar. Kuma duk yadda aka rabu, ladan da mutum ya riga ya yi wa aiki nasa ne.

Masu ɗaukar aiki sun san wannan iyaka sarai. Shi ya sa ake ganin wata dabara: mutum ya yi wata biyar, a ce ya je ya huta mako biyu, a sake kiransa kamar sabo. Haka zai shekara uku a wuri ɗaya, a takarda kuwa kullum baƙo ne. Ƙungiyoyin ƙwadago sun daɗe suna kuka da wannan. Amma akwai abin kamawa a sashe na 12: duk wanda aka ɗauka na wata shida ko fiye, ko kuma na kwanakin aiki da idan an tara su za su kai wata shida a cikin shekara ɗaya, dole yarjejeniyarsa ta zama a rubuce. A nan tarawa ake yi, ba sai a jere ba. Don haka wanda ake yi wa wannan yanka-yanka yana da hujjar neman takarda, yana kuma da abin da zai shimfiɗa a gaban hukuma, muddin ya riƙe lissafin kwanakinsa.

Idan an ji rauni

Sashe na 118 ya ɗora wa mai aiki nauyin tabbatar da cewa duk wanda ke masa aiki yana yi cikin aminci. Daga ciki akwai ba da kayan kariya kyauta, irin su hular kwano, takalmi, safar hannu da abin rufe hanci. Ba a sayar wa ma'aikaci su, ba a cire kuɗinsu daga ladansa. Shi ma ma'aikaci wajibi ne ya sa su, kada ya rataye hula a ƙusa ya hau bene. Sashe na 119 ya ba shi damar janye jikinsa daga wurin da ya ga haɗari na gab da faruwa, ya sanar da na gaba da shi, kuma ba a korarsa ko a riƙe masa kuɗi saboda haka.

Idan tsautsayi ya faru, doka ta ce mai aiki ya kai rahoto cikin kwana bakwai. Akwai kuma Dokar Diyyar Ma'aikata ta 1987, wadda ta tsara biyan kuɗin magani da diyya ga wanda ya ji rauni a bakin aiki, ko ga magadansa idan ya rasu. Ofishin ƙwadago, wanda jama'a ke kira ofishin leba, shi ke bin wannan. Kuskuren da aka fi yi shi ne karɓar ɗan abin da aka miƙo a asibiti a yi shiru, sai bayan shekara, hannu ya ƙi komawa daidai, a fara neman mafita. Neman diyya yana da wa'adi na wata shida. A je asibiti a ranar, a adana katin da rasit, a riƙe sunayen waɗanda abin ya faru a gabansu, a sanar da ofishin leba da wuri.

Kuɗin tsufa

Dokar Fansho ta 2008, mai lamba 766, ta ce mai aiki ya zuba kashi 13 cikin ɗari na albashin ma'aikaci, a cire kashi 5.5 daga ma'aikacin, jimilla 18.5. Kashi 13.5 na zuwa SSNIT, kashi 5 na zuwa asusu na biyu. Kiran mutum "na wucin gadi" ba ya sauke wa kamfani wannan nauyi. Ana buƙatar zubin wata 180 kafin a cancanci fansho na wata-wata, kuma watannin ba sai a wuri ɗaya ba. Wata huɗu a nan, wata bakwai a can, duk suna taruwa a lamba ɗaya. Wanda ya ga ana cire masa kashi 5.5 ya je ofishin SSNIT da katinsa na Ghana ya nemi bayanin asusunsa, domin cirewa daban, kaiwa daban.

Waɗanda wannan ɓangare bai rufe ba

Gaskiya ta wajaba a nan, kada wani ya tafi da zaton da ba haka ba. Sashe na 73 ya ce ɓangaren 'yan wucin gadi bai shafi mai aikin jinga da ake biya a kan abin da ya gama ba, da mai aikin rabin lokaci, da manomin da ke raba amfanin gona da mai ƙasa irin na abunu da abusa, da mai koyon sana'a, da ma'aikatan jiragen kamun kifi masu albashi, da duk wanda aikinsa bai kai awa 24 a mako ba. Ke nan 'yar dako a kasuwar Kejetia ko Agbogbloshie, wadda ake biya a kan kowane kaya, ba za ta nemi kuɗin ranar ruwa da wannan sashe ba. Haka birkilan da ya karɓi ɗaki a kan jinga. Amma cinikin da aka yi da su yarjejeniya ce, kuma wanda ya ƙi biya ana iya kai shi kotu a kan bashi.

Masu aikin gida suna da nasu ƙa'idoji da aka fitar a 2020, waɗanda suka nemi a rubuta yarjejeniya kuma kada a biya ƙasa da mafi ƙarancin lada. Yara kuwa, Dokar Yara ta 1998 ta sa shekara 15 a matsayin mafi ƙarancin shekarun ɗaukar aiki, 13 ga aiki mara nauyi, 18 ga aiki mai haɗari kamar haƙar ma'adinai, fasa dutse da ɗaukar kaya masu nauyi. Iyaye da malaman makarantun allo su lura da wannan kafin su tura yaro neman na kansa.

Littafin sidi biyar

Duk abin da aka lissafa a sama yana tsayawa ne a kan tambaya ɗaya: wace shaida gare ka? Mai aiki yana da littafi, yana da akawu. Kai ma ka sami naka. Ƙaramin littafi ya isa. Kullum ka rubuta kwanan wata, wurin aiki, lokacin shiga da na tashi, abin da aka ba ka da abin da ya rage. Wanda bai iya boko ba ya rubuta da ajami, ko ya sa ɗansa ya rubuta masa da dare. Ka san cikakken sunan wanda ya ɗauke ka da sunan kamfanin, domin "Alhaji mai farar mota" ba suna ba ne a gaban hukuma. Idan ta MoMo ake biyanka, kada ka goge saƙonnin. Idan akwai takardar sa hannu ta safe, ka ɗauke ta hoto lokaci-lokaci. Idan wani wakili ne ya kai ka kamfanin, ka tambaya tun farko wa ke biyanka, shi ko su, domin ranar rikici kowa zai nuna ɗan uwansa. Kada ka sa hannu ko ka dangwala yatsa a takardar da ba a karanta maka ba, musamman ranar sallama.

Wannan ba rashin yarda da mutane ba ne. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take. Malaman fiƙihu kuma, a babin ijara, sun sharɗanta a san lada, a san aiki ko tsawon lokacinsa, tun kafin a fara. Rubutu yana kare zumunci, domin mafi yawan rigimar lada tsakanin waɗanda suka san juna take faruwa.

Ina ake kai kuka?

A fara da magana cikin mutunci da mai aikin, da littafi a hannu da shaida ɗaya. Idan bai yi ba, a nemi wanda yake jin nauyinsa, limami, ko sarkin zango, ko shugaban ƙungiyar sana'a. Sulhu ya fi sauri, kuma yakan bar ƙofar aiki a buɗe. Amma sulhu ba shi ne a tursasa wa mai rauni ya yafe rabin guminsa don a zauna lafiya ba.

Idan wannan ya ci tura, sai ofishin leba na gunduma ko na yanki. Sama da shi akwai Hukumar Ƙwadago ta Ƙasa, wadda dokar 2003 ta kafa domin warware rikicin aiki, mai babban ofishi a Accra. Ana kai mata koke a rubuce, ta kira ɓangarorin biyu, ta nemi sasantawa, idan ya ƙi ta yanke hukunci, kuma tana iya zuwa Babbar Kotu domin a tilasta bin umarninta. Wanda ba shi da halin ɗaukar lauya yana iya neman Hukumar Taimakon Shari'a. Idan ku da yawa ne abin ya shafa, ku tafi tare, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ga masu ɗaukar aiki a cikinmu

Kada mu karanta wannan kamar da wasu can ake. A sahun da ɗan ƙwadago ya tsaya, a nan ɗan kwangila yake tsaye, da mai shago, da mai gidan burodi, da hajiya mai tuwo da 'yan aikinta. Kwamitocin masallatai da makarantunmu ma masu ɗaukar aiki ne: akwai maigadi, akwai mai shara, akwai malamin da aka ce ya "taimaka" na zango ɗaya, ga shi yau shekara huɗu, ba takarda, ba SSNIT, albashi sai abin da ya samu. Cewa aikin Allah ne ba ya sauke haƙƙin bawan Allah. Mun sha ji a kan mumbari irin gargaɗin da ya zo a kan jinkirta ladan ɗan ƙwadago da cinye shi. Dokar ƙasa ta zo ta sa wa wannan adadi da kwanaki, ta sauƙaƙa wa mai son ya fita haƙƙi ya san daidai abin da ke kansa.

Ɗalibanmu kuma ga aikin lada a kusa. A kowace unguwa akwai dattijon da aka sallama bai san abin da ya dangwala wa yatsa ba. Ku karanta masa takarda, ku buɗe masa littafin kwanaki, ku raka shi ofishin leba idan ta kama. Shi ma ma'aikaci ya riƙe nasa ɓangaren: ya zo a kan lokaci, ya tsare amanar kayan aiki, ya yi aikin kamar mai shi na tsaye.

Allah Ya sa albarka a cikin neman halal ɗinmu, Ya tsare mu daga cin haƙƙin wani, Ya ba mu ikon sauke wanda ke kanmu tun muna da rai. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.